Daga Babila Zuwa Asibitin Zana: Tarihin Alhakin da ke Wuyan Likita da Shugabansa

A shekarar 1901 wasu Faransawa masu tonon kayan tarihi suka haƙo wani baƙin dutse a kufan birnin Susa, a ƙasar Iran ta yanzu. Tsayinsa ya haura mita biyu, an sassaƙa masa rubutu gaba da baya. Da masana suka karanta, sai ga shi dokokin Hammurabi ne, sarkin Babila da ya yi mulki daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dokoki 282 aka ƙirga, kuma kaɗan daga ciki sun shafi mai magani. Suna cikin mafi daɗewar hukunce-hukuncen da suka iso mu a rubuce game da abin da zai biyo baya idan majiyyaci ya cutu a hannun mai yi masa magani.

Sarkin bai sassauta ba. Likitan da ya tsaga jikin babban mutum da wuƙar tagulla ya ceci ransa, ladarsa shekel 10 na azurfa. Talaka zai biya 5, bawa kuwa 2, daga aljihun ubangidansa. Amma idan babban mutum ya mutu a wurin fiɗar, ko idonsa ya tsiyaye, sai a yanke hannun likitan. Idan bawa ne ya mutu, a mayar wa ubangidansa da wani bawan, magana ta ƙare. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko alƙalan Babila sun riƙa zartar da waɗannan hukunce-hukunce yadda aka rubuta su, ko kuwa dutsen shelar adalcin sarki ce kawai. Ko ma dai yaya ne, abu biyu sun fito fili. Dokar sakamako kawai take kallo, ba ruwanta da ko likita ya yi sakaci ko ya yi iya ƙoƙarinsa. Sannan darajar ran majiyyaci tana hawa da sauka gwargwadon matsayinsa. Wannan na biyun ya daɗe yana bin aikin likitanci, za a sake cin karo da shi a Jamus da Amurka, har da Kano.

Wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa aka haifi Hippocrates a tsibirin Kos na Girka, wanda littattafan Larabawa suka sani da Abuƙraɗ. Labarai sun yi masa yawa. An ce a gindin wata bishiya yake karantar da almajiransa, har yau ana nuna wa baƙi wata a tsibirin, ko da yake shekarunta ba su yi kusa da zamaninsa ba. An ce kuma sarkin Farisa ya aiko masa da dukiya don ya je ya duba rundunarsa, ya ƙi karɓa saboda abokan gaban Girkawa ne. Duk wannan ruwaya ce da ta biyo bayansa. Hatta shahararriyar rantsuwar da ake jingina masa, masana da yawa suna ganin ba shi ya rubuta ta ba.

Abin da babu ja a kansa shi ne abin da rantsuwar ta ƙunsa. Mai rantsewa yana alkawarin ba zai bai wa kowa guba ba ko an roƙe shi, ba zai yi lalata da kowa a gidan da ya shiga ba, ɗa ne ko bawa, kuma abin da ya gani ko ya ji a ɗakin mara lafiya zai bar shi a cikinsa. Sai dai rantsuwar ba doka ba ce, babu alƙalin da ke tilasta ta. Kuma ko a wuri ɗaya ba ta ce a tambayi majiyyaci abin da yake so ba. Likita ne ya san abin da ya dace, na majiyyaci shi ne miƙa wuya.

Bagadaza, shekara ta 931

A ƙasashen Musulmi ne ladabi da doka suka haɗu wuri guda. Tushen yana cikin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, lamunin ɓarnar da ya yi yana kansa. A kan wannan malaman fiƙihu suka yi gini. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, alƙali kuma likita, wanda ya rasu a 1198, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan wajabcin diyya idan likita ya yi kuskure, ya ba da misali da mai kaciya da hannunsa ya zarce. Idan gwani ne, mafi yawan malamai sun ɗora diyyar a kan danginsa na wajen uba, kamar sauran laifin kuskure. Idan kuwa mai shisshigi ne, daga dukiyarsa za a cire. Ɗalibin da ya yi nisa a fiƙihun Malikiyya a zaurukan Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya ci karo da wannan mas'ala, domin wanzami da maɗori duk suna ƙarƙashinta.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa masu magani kashi biyar a Zadul Ma'adi. A cikinsu akwai gwanin da ya yi aikinsa daidai, amma ya yanka jikin mutum ba da izininsa ba, ko ya yi wa yaro kaciya ba da izinin waliyyinsa ba. Malaman mazhabarsa suka ce idan abin ya ɓaci zai biya, duk da gwanintarsa. Nan ga izini ya shigo cikin shari'a, ƙarnoni kafin kotunan Turai su mayar da shi ginshiƙi. Tun a ƙarni na 9 kuma Ishaƙ ɗan Ali Arruhawi ya rubuta Adabuɗ Ɗabib, littafi sukutum a kan halayen da ake so likita ya siffantu da su da yadda za a jarraba shi.

Jarrabawar ta zama umarnin hukuma a shekarar Hijira ta 319, daidai da 931. Labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Sai ya umarci muhtasibi ya hana kowa taɓa majiyyaci a Bagadaza sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi takarda. Marubutan tarihin likitoci sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860, ban da mashahurai da masu yi wa fada aiki. Akwai wata hikaya da ake haɗawa da wannan jarrabawa. Wai wani dattijo mai kwarjini ya zo cikin kyawawan tufafi, Sinan ya girmama shi ya tambaye shi malamansa. Dattijo ya fito da ƙunshin dinare, ya ce shi ko karatu bai iya sosai ba, amma da wannan sana'a yake ciyar da iyali. Sinan ya ce zai bar shi bisa sharaɗin kada ya taɓa cutar da bai sani ba. Dattijo ya ce ai tunda yake bai taɓa wuce ruwan zuma da khal da ruwan wardi ba. Ko ta faru ko ƙari ne na masu ba da labari, hikayar ta nuna abin da mutanen zamanin suka ɗauka shi ne ma'auni: mai magani ya san iyakarsa.

Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne nauyin da masu mulki suka ɗora wa kansu. An ruwaito cewa waziri Ali ɗan Isa ya rubuta wa wannan Sinan ɗin ya ware likitocin da za su riƙa shiga gidajen kurkuku kullum da magunguna, ya kuma tura wasu ƙauyukan da babu likita. Littattafan hisba na baya, irin na Shaizari da na Ibnul Ukhuwwa, sun tsara cewa likita ya rubuta maganin da ya bayar ya bar kwafi a hannun dangi. Idan majiyyaci ya mutu, sai su kai takardun wurin babban likitan gari ya duba ko an yi sakaci.

A Ingila abin ya biyo ta kotu ne. A 1767 wani mutum mai suna Slater ya yi ƙarar masu magani biyu da suka sake karya masa ƙafar da ta fara haɗewa, suka ɗaura masa wata na'urar miƙar da ƙashi ba tare da ya yarda ba. Kotu ta ba shi fam 500. A 1803 Thomas Percival ya wallafa littafinsa na ladubban likitanci, bayan rigimar da ta raba likitocin asibitin Manchester, kuma a kansa ƙungiyar likitocin Amurka ta gina ƙa'idojinta a 1847. A 1858 Birtaniya ta kafa majalisar da ke rajistar likitoci da soke sunan mai laifi, tsarin da Najeriya da Ghana suka gada. A 1914 kuma, a jihar New York, alƙali Benjamin Cardozo ya yanke cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon abin da za a yi wa jikinsa. Matar da ta kawo ƙarar, Mary Schloendorff, ta yarda a duba ta ne kawai, ta farka ta tarar an cire mata ƙari, daga baya hannunta ya ruɓe har ta rasa yatsu. Duk da haka ba ta ci ƙarar ba, domin kotu ta ce asibitin jinƙai ba ya ɗaukar laifin likitocinsa.

Jamus, 1898 zuwa 1947

Ƙasar da ta fara rubuta dokar gwaji a kan mutane ita ce kuma ta fi kowa keta ta. A 1898 Farfesa Albert Neisser na Breslau, mashahurin da ya gano ƙwayar ciwon sanyi, ya wallafa cewa ya ɗura wa wasu mata ruwan jinin masu tunjere don neman rigakafi. Yawancinsu mata masu zaman kansu ne, wasu ma ƙananan yara, kuma ba a tambayi kowa ba. Wasunsu suka kamu. Aka ci shi tarar mak 300, kuma a Disamba 1900 gwamnatin Prussia ta hana gwaji a kan yara da wanda ba a yi wa bayani ya amince ba. Umarnin ya ɗora alhakin a kan shugaban asibiti kai tsaye.

Sai masifar Lübeck ta 1930. Aka bai wa jarirai 251 maganin rigakafin tarin fuka ta baki, ashe ya gauraya da ƙwayar cutar mai rai a ɗakin gwaje-gwajen asibitin garin. Jarirai 72 suka mutu da tarin. A shari'ar da aka kammala a 1932, shugaban asibitin, Georg Deycke, ya samu ɗaurin shekara 2, shugaban hukumar lafiya ta garin, Ernst Altstaedt, wata 15. Ungozomomi ne suka ɗura wa jariran maganin, amma kotu ta haura sama ta kamo waɗanda suka ba da umarni ba tare da sun tabbatar da tsabtarsa ba. Tun kafin hukuncin, a Fabrairu 1931, gwamnatin Jamus ta fitar da ƙa'idojin da a wasu wurare sun fi duk waɗanda suka biyo bayansu tsauri.

Shekara biyu bayan nan Hitler ya hau mulki. Kusan rabin likitocin ƙasar suka shiga jam'iyyar Nazi, babu wanda ya sa musu bindiga a ka. Daga 1939 zuwa Agusta 1941 an kashe naƙasassu da masu taɓin hankali sama da 70,000 da iskar guba, likitoci ne ke duba takardu suna zaɓen wanda zai mutu. A sansanin Dachau an riƙa tsoma fursunoni cikin ruwan ƙanƙara ana auna yadda zafin jikinsu ke sauka, an sa wa wasu zazzaɓin cizon sauro da gangan. A Ravensbrück an tsaga ƙafafun matan Poland an cusa ƙwayoyin cuta da ɓaraguzan katako da gilashi don a gwada magani.

A ranar 9 ga Disamba 1946 aka gurfanar da mutum 23 a Nuremberg, 20 daga cikinsu likitoci, a kan gaba Karl Brandt, likitan Hitler. Suka ce umarni suka bi, ƙasa tana yaƙi, kuma ai Amurkawa ma suna gwaji a kan fursunoni. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a wani kurkuku a jihar Illinois, kuma ya sa masu gabatar da ƙara cikin tsaka mai wuya. A Agusta 1947 aka yanke wa 7 hukuncin kisa, 9 ɗauri, aka sallami 7. Mutum ukun da ba likitoci ba, Viktor Brack da Rudolf Brandt da Wolfram Sievers, ma'aikatan ofis ne masu tsara aiki da sa hannu a takarda, kuma duka ukun an rataye su. A cikin hukuncin ne alƙalai suka jera ƙa'idoji 10, ta farkonsu ita ce amincewar mutum bisa raɗin kansa. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta biyo baya da sabuwar rantsuwa a Geneva a 1948, sannan Sanarwar Helsinki a 1964, wadda aka yi wa gyara a 1975 aka ce dole wani kwamiti mai zaman kansa ya duba kowane gwaji kafin a fara.

Likitoci da yawa a ƙasashen da suka ci yaƙi sun ɗauka ƙa'idojin Nuremberg na azzaluman Nazi ne, ba su shafe su ba. A daidai lokacin da ake wannan shari'a, Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka tana shekara ta 14 da fara wani bincike a gundumar Macon ta jihar Alabama, tare da cibiyar Tuskegee. Tun 1932 ta tara baƙaƙen fata 600, yawancinsu matalautan manoma, 399 masu tunjere, 201 marasa shi. Aka ce musu jininsu ne ya ɓaci, ana ba su abinci da kuɗin jana'iza, bisa sharaɗin a feɗe gawarsu. Manufar ita ce a ga yadda cutar ke cin mutum idan ba a yi magani ba. Zuwa 1947 fenisilin ya zama sanannen maganinta, aka hana su. Wani ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya kai kuka a 1966, manya suka zauna a 1969 suka yanke a ci gaba. Sai da ya kai wa 'yan jarida, Jean Heller ta buga labarin a Yuli 1972, sannan aka tsaya. An biya diyyar dala miliyan 10, an yi dokar bincike ta 1974, Shugaba Clinton ya nemi gafara a ranar 16 ga Mayu 1997. Ba a gurfanar da jami'i ko ɗaya ba, kuma wannan babban gibi ne a tarihin.

Faransa ta ɗan matsa gaba. A 1985 cibiyar ƙarin jini ta ƙasar ta ci gaba da raba wa masu cutar rashin daskarewar jini kayan da shugabanninta suka san sun gurɓata da ƙwayar ƙanjamau, don kada a yi asarar abin da ke ajiye. A 1992 aka ɗaure shugabanta, Michel Garretta, shekara 4. A 1999 tsohon firaminista Laurent Fabius da ministoci biyu suka tsaya gaban kotu. An wanke biyu, an samu ƙaramin ministan lafiya Edmond Hervé da laifi, amma ba a hukunta shi ba.

Kano, 1996

A farkon 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya da maƙwabtanta. A Najeriya kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ciki tana ba da maganin da aka sani kyauta. Ana cikin haka ayarin kamfanin Pfizer ya sauka daga Amurka da wani sabon magani, Trovan, da yake neman izinin sayarwa. Zamanin mulkin soja ne na Janar Sani Abacha.

Aka ɗauki yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka amince da shi, amma a ma'aunin da ya gaza wanda aka saba bayarwa. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Bayan kamar mako biyu ayarin ya tattara ya tafi, annoba tana nan tana ci.

Adalci ya sa a faɗi abin da kamfanin ya tsaya a kai. Ya ce sanƙarau da kansa yana kisa yana naƙasarwa, yawan waɗanda suka rayu a hannunsa ya fi na sauran wurare a lokacin annobar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyayen kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu cewa a cikin harabar nan akwai masu ba da sanannen magani kyauta ba. Babu takardun amincewa da iyaye suka sa wa hannu. Uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa ya sanƙare, ta ga Bature da farar riga, wace tambaya za ta yi? Abin da ya sa aka ƙirƙiro kwamitin tantancewa ke nan tun 1975, don ya yi tambayar a madadinta.

A nan ne abin ya fi muni. Jaridar Washington Post ta tono labarin a Disamba 2000, ta kawo har da na wata yarinya 'yar shekara 10 da aka ci gaba da ba ta Trovan jikinta yana ƙara tsanani har ta cika. Ba da daɗewa ba ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wadda kamfanin ya miƙa wa hukumomin Amurka, daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Shugaban asibitin ya ce a lokacin gwajin ba su da irin wannan kwamiti ma. A cikin kamfanin kansa wani likita, Juan Walterspiel, ya rubuta wa shugabanninsa yana ƙorafi a kan gwajin, daga baya aka sallame shi. Shi kuwa maganin, Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, ba ta taɓa amincewa da shi ga yara ba, kuma a 1999 ta taƙaita shi saboda lalata hanta, Tarayyar Turai ta dakatar da shi.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya gama aiki a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka kuma da maganin da ba a yi wa rajista ba aka yi shi. Rahoton ya kwanta a ofis shekara biyar, sai a 2006 ya fito, shi ma ta hannun jaridar waje. Wannan ba za a ɗora wa baƙo ba. Jami'an ƙasar ne suka bar ayarin ya shigo, su ne kuma suka danne sakamakon binciken da aka yi da sunan iyayen yaran.

Iyalai sun shigar da ƙara a New York tun 2001, aka yi ta korar ta ana dawo da ita. A Janairu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke, a shari'ar Abdullahi da Pfizer, cewa yin gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba ya saɓa dokar ƙasa da ƙasa, ta kafa hujja da Nuremberg da Helsinki. Kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar kamfanin a 2010. A gida kuma gwamnatin Kano da ta Tarayya sun kai ƙara a 2007. A Yuli 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga iyalai, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba. Mutum sama da 500 suka fito neman diyya alhali yara 200 aka yi wa gwaji, sai aka sa sharaɗin gwajin ƙwayar halitta, wanda iyalai da dama suka ƙi saboda sun riga sun tsorata da duk mai ɗibar wani abu daga jikinsu. A Agusta 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin sasantawa ba. Lokacin da jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 bisa jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haihuwa, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba a dawo da rigakafin ba sai Yuli 2004, bayan an kawo shi daga Indonesiya, kuma sanadin haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Dokokin Najeriya na yanzu yawancinsu bayan nan suka zo. Majalisar rajistar likitoci tana nan tun 1963, da kotunta ta ladabtarwa mai ikon dakatar da likita ko soke sunansa. A 2001 Kotun Ƙoli ta wanke wani likita, Dokta Okonkwo, wanda aka dakatar saboda ya mutunta ƙin ƙarin jini da wata majiyyaciya ta yi bisa aƙidarta har ta rasu. Kotun ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa tare da kwamitin da ke sa ido a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutacciyar amincewa kafin gwaji, ta kare sirrin majiyyaci, kuma sashenta na 20 ya haramta wa asibiti ko ma'aikaci ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. A 2017 aka ƙara da dokar da ta ce a yi wa wanda aka harba magani nan take, ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Dokar ta 2014 ba ma'aikata kawai ta ɗaure ba. Ta umarci Gwamnatin Tarayya ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta don kiwon lafiya a matakin farko, wato kuɗin da zai sa nas ɗin da aka ce kada ta kori majiyyaci ta samu safar hannu da ruwan ƙari da za ta karɓe shi da su. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a Afrilu 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba, kuma babu kotun ladabtarwar da aka tanada don wanda ya saɓa shi.